Ƙoton beyar a bakin hanya: taku nawa ne ke tsare rai?

A wasu jihohin Amurka, idan ka ajiye mota a gefen titin daji ka kutsa cikin itatuwa tafiyar 'yan mintoci, kana iya cin karo da duro ɗaure da sarƙa a gindin bishiya. An huda masa ƙofa a ciki daidai shigar hannu. Tun kafin ka gan shi hancinka zai gaya maka: tsohon man suya, gugguru, burodi da donot ɗin da suka kwana suka ƙi sayuwa, abincin karnuka, wani lokaci har da kawunan kifi da aka bari suka ruɓe da gangan. Ƙasar wurin ta yi laushi ta yi maiƙo saboda yawan tattakawa. Ka ɗaga kai, can sama a wata bishiyar da ba ta wuce taku talatin ba, ga ɗan dandamali da tsani. Nan maharbi ke zama da yamma yana dako. Abin da yake jira kuwa ita ce beyar, dabbar nan mai kaurin jiki da gashi wadda ba mu da irinta a dazukanmu.

Wannan duron, wato ƙoton da ake ajiyewa don a janyo beyar a harbe ta, halal ne a dokar jihohi kamar Alaska, Maine, Wisconsin, Michigan, Minnesota da Idaho, da kuma larduna da dama na Kanada. A Colorado kuwa jama'a sun haramta shi da ƙuri'a tun 1992, Oregon ta bi sahu a 1994, Washington da Massachusetts a 1996. A inda aka bar shi, gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ita ce ta nisa: taku nawa ya kamata a bari tsakanin ƙoton da hanyar da mutane ke bi?

Amsoshin da jihohin suka bayar sun yi hannun riga da juna, har mutum ya yi mamaki ko dabba ɗaya suke magana a kai. Alaska ta ce kada a ajiye ƙoto ƙasa da rubu'in mil, wato kimanin mita 400, daga titi ko turbar da hukuma ke kula da ita ko layin dogo, sannan a bar mil guda cur tsakaninsa da gida ko sansanin masu yawon shaƙatawa. Idaho ta ce yadi 200 daga hanya, rabin mil daga sansani ko mazauni. Wisconsin ta tsaya a yadi 50 daga turba ko hanya ko wurin kafa tanti, yadi 100 idan babban titi ne da motoci ke gudu. Maine ma yadi 50 ta ce daga duk hanyar da mota za ta iya bi, yadi 500 daga juji ko sansani ko gidan da ake zaune ciki, sai fa in mai gidan ya ba da izini a rubuce. Yadi 50 bai kai mita 46 ba. Rabin filin ƙwallo ke nan. Mutumin Alaska yana da tazarar da ta ninka wannan kusan sau tara, alhali baƙar beyar ta Maine da ta Alaska hanci ɗaya gare su, ciki ɗaya.

Abin da ke rikita maganar shi ne, ana cewa "hatsari" kamar abu guda ne, alhali uku ne aka cusa a buhu ɗaya, kuma igiyar awo ba ta yi musu magani daidai wa daida.

Na farkon, harsashi, shi ne ya fi sauƙi. Harsashin bindigar farauta yana iya tafiyar kilomita uku ko fiye idan bai sami abin da ya tare shi ba, don haka yadi 50 ko 200 duk wasa ne in da nisa ake dogaro. Sai dai a nan masu ƙoto suna da gaskiya: wanda ke kan bishiya ƙasa yake saita bakin bindigarsa, dabbar na tsaye kusa da shi, idan ya kuskure ƙasa ce ke haɗiye harsashin. Ya fi wanda ke bin sawu cikin duhuwar daji ya harba a kan abin da ya gilma. A wannan gaɓar ban ga abin zargi mai yawa ba.

Na biyu shi ne karo ba zato. Beyar tana da ɗabi'ar tsare abincinta. Wadda ta sami duro cike ba ta nisa da shi. Takan ci, ta ja gefe ta kwanta a cikin ciyayi, ta dawo. Sau da yawa ba ita kaɗai ba ce, manya da ƙanana kan yi ta zagayen wurin suna jiran babbar ta ɗaga. Yanzu ka ɗauki mace ta fito da safe da karenta, ta kwance masa igiya kamar yadda mutanen can suka saba. Kare ya shaƙi ƙamshin kitse, ya saki turba ya nufi duhuwa. Minti ɗaya bai cika ba ya dawo a guje yana haushi, abin da ya tsokano yana biye da shi, kuma wurin uwargijiyarsa ya nufo. Beyar na iya gudun da ya kai kilomita 50 a sa'a. A irin wannan gudun, mita 46 ba ta kai daƙiƙa huɗu ba. Nan kam nisa yana da amfani na zahiri: kowane taku da aka ƙara yana rage yiwuwar kare ko yaro ko mai tsinkar 'ya'yan itace ya faɗa wurin bai sani ba. Wanda duk ya ce yadi 50 da rubu'in mil ɗaya suke, bai yi wa kansa adalci ba.

Na ukun ne ya fi zurfi, kuma shi ne ba ruwansa da awo: sabo. Beyar dabba ce mai ƙwaƙwalwa, hancinta kuma na cikin mafi ƙarfi a duk dabbobin tudu. Lokacin kaka, kafin ta shiga dogon barcinta na hunturu, takan shiga wani irin zarin ci da masana ke cewa yana kai ta ga neman kalori dubu 20 a rana. Ka kwatanta wahalar tara wannan daga 'ya'yan itace da tururuwa, da sauƙin zura hannu cikin duron donot. Wadda ta ɗanɗana ta koyi darasi: abin da ke da ƙamshin ɗan Adam yana da maiƙo, yana da zaƙi. Tambayar da masu adawa ke yi ita ce, ranar da duron ya bushe, ina za ta kai wannan darasin? Mita 400 a wajen dabbar da ke yawon kilomitoci da yawa a dare ɗaya ba tafiya ba ce. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki da ke Yankari ya ga ƙaramin misalin wannan. Gwaggon birin wurin ba ya gudun mutum. Yana ganin leda a hannunka ya san abin da take nufi, kuma ba roƙo zai yi ba. Ba a haife shi da wannan halin ba, koya ya yi. Ka mayar da birin ya zama dabba mai nauyin kilo ɗari ko ɗari biyu, ka fahimci abin da ke tsorata ma'aikatan gandun daji a can.

Su ma ba a littafi suka karanta ba, da jini suka koya. A gandun Yellowstone, har zuwa farkon shekarun 1940, kujerun 'yan kallo ake jerawa a bakin juji, baƙi su zauna su sha kallon beyar na cin shara. A wani dare na watan Agustan 1967, a gandun Glacier da ke Montana, beyar biyu na jinsin girizili, wato babbar beyar mai ruwan ƙasa, suka kashe 'yan mata biyu masu shekara 19 a wurare daban-daban, kuma bincike ya nuna dabbobin sun saba da sharar mutane. Bayan haka ne aka shiga rufe jujin Yellowstone, aka kammala wajen 1970. Dabbobin da suka tashi ba su san wani abinci ba sai na juji suka bazama sansanonin baƙi, aka yi ta harbe su, har a 1975 gwamnati ta sa girizili cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa a jihohin da ke kudu da Kanada. Daga nan aka sami karin maganar da ke rubuce a allunan gandayen dajin Amurka har gobe, mai nufin cewa beyar da aka ciyar, kashe ta aka yi. Shekara hamsin ana tarar baƙon da ya bar kwandon abinci a waje, ana sa masa akwatin ƙarfe mai makulli. To sai ga shi a daji ɗaya, wani yana da takardar izinin zuba buhunan abincin nan a ƙasa. Wannan tufka da warwarar ita ce zuciyar ƙorafin.

A Alaska ne rikicin ya fi fitowa fili, domin can akwai shugabanni biyu a gona ɗaya. Dokar filaye ta 1980, wadda Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu, ta ware manyan dazuka ta danƙa wa hukumar gandayen daji ta tarayya, amma ta halatta farauta a wasu daga cikinsu bisa ƙa'idojin jiha. Jihar, mai baƙar beyar da aka ƙiyasta ta kai dubu 100 da mai ruwan ƙasa kimanin dubu 30, tana son a rage masu cin nama domin dabbobin da mutane ke farauta don abinci su yawaita. A farkon shekarun 2010 ta fara barin a harbi mai ruwan ƙasa a bakin ƙoto a wasu yankuna, abin da a da sai baƙar kaɗai. A 2015, zamanin Obama, hukumar tarayya ta hana ƙoto ga masu farautar nishaɗi a dazukan da ke hannunta. A 2020 gwamnatin Trump ta warware. A 2022 wata alƙaliyar kotun tarayya, Sharon Gleason, ta ce dokar 2020 tana da tangarɗa, ta mayar wa hukumar ta sake dubawa. A Yulin 2024 aka sake haramtawa, kuma wannan karon hujjar da aka sa gaba ita ce lafiyar jama'a. A Janairun 2025, ranar da Trump ya koma mulki, ya sa hannu a umarnin da ya nemi a soke ta a koma ta 2020. Cikin shekara goma, doka ta yi ta juyawa kamar waina a tanda, hancin beyar kuwa yana nan yadda yake. Sai dai a sani, haramcin bai shafi mazauna karkarar da ke farauta don ci a ƙarƙashin tsarin tarayya ba.

Wurin da aka fi ambata a wannan taƙaddamar shi ne hanyar McCarthy, wata hanyar tsakuwa mai tsawon kimanin mil 60 da ta ratsa cikin Wrangell-St. Elias, gandun dajin da ya fi kowanne girma a Amurka. Dalilin da ya sa ƙoto ke taruwa a irin wannan wurin ba ɓoyayye ba ne, kuma shi ne abin da masu zana doka a ofis kan manta. Ƙoto kaya ne mai nauyi. Mutum zai yi ta jigilar bokitai da buhuna kowane kwana biyu ko uku har tsawon makonni, idan kuma ya yi sa'a sai ya fito da gawar dabba mai nauyin mutum biyu. Ba mai son ya yi wannan a tafiyar kilomita biyar. Kowa zai matso iyakar inda doka ta tsaya, wani ma ya ɗan gota. Saboda haka adadin da aka rubuta a matsayin mafi ƙarancin nisa, a aikace shi ne ke zama nisan da kowa ke ajiyewa. Idan ka ce yadi 50, ka jera durori a yadi 50 ke nan, a gefen hanyar da masu keke da masu tafiyar ƙasa ke bi.

Sai kuma kalmar "hanya" ita kanta. Dokar Alaska ta ce wadda hukuma ke kula da ita. Amma dajin Alaska cike yake da turbobin da ba wanda ke gyarawa, na masu babur mai ƙafa huɗu, na masunta, na masu tsinkar 'ya'yan itace, kuma mutane na bin su kullum. Sharaɗin Maine na yadi 50 hanyar mota ya ambata. Turbar ƙafa da ta ratsa ta bayan wurin fa? Alaska ta wajabta a yi rajistar wurin a kafa allon gargaɗi, Maine ta ce a liƙa ɗan kati mai sunan mai ƙoton da adireshinsa. Amma wanda ya matso har ya iya karanta allon, ai ya riga ya shigo inda ake gudun ya shigo.

Duk da haka, kada a ɗauka masu ƙoto ba su da ta cewa. Dajin Maine yana da duhuwar da mutum zai shekara yana yawo bai ga beyar ba, shi ya sa mafi rinjayen waɗanda ake kashewa a jihar a bakin ƙoto ake samunsu. Masanan dabbobi na hukumar jihar da kansu suka fito suka ce in an hana, yawan dabbar zai fi ƙarfinsu, ta fara shiga unguwanni. Sau biyu aka kai maganar gaban masu zaɓe, a 2004 da 2014, sau biyun kuma masu neman haramci suka sha kaye da ɗan ƙaramin rinjaye. Maharbin da ke kan bishiya yana da lokacin da zai ƙare wa dabba kallo, ya ga ko uwa ce mai 'ya'ya ya ƙyale ta. Suna kuma cewa beyar da ke zuwa ƙoto ba ta daina tsoron mutum, tunda wurin harbi ne, manyan ma sai dare ya raba suke leƙowa; ba kamar ta juji ba, wadda ke ci mutane na kallonta ba abin da ya same ta. Wannan bambancin yana da nauyi.

Alƙaluma ma ba su goyi bayan mai son tayar da hankali ba. Binciken da Stephen Herrero na Jami'ar Calgary da abokan aikinsa suka fitar a 2011 ya ƙirga mutum 63 da baƙar beyar ta kashe a Amurka da Kanada daga 1900 zuwa 2009. Shekara ɗari da goma ke nan. Yawancinsu kuma ba uwa mai kare 'ya'ya ba ce ta yi, namiji ne shi kaɗai da ya ɗauki mutum abin farauta. Wanda zai ce ƙoto na kashe masu yawo a turba kowace shekara, ya faɗi abin da ba haka ba. Hujjar hukumar tarayya ta 2024 ta fi jingina ga abin da aka sani game da halin dabbar da ra'ayin ƙwararru, kuma jihar Alaska ta kama nan ta ce a nuna mata gawa. Matsalar ita ce, beyar da ta fasa ɗakin ajiyar wani a watan Agusta ba ta zuwa da takardar da ke nuna inda ta koyi cin donot a watan Mayu. Abu ne mai wuyar tabbatarwa, mai wuyar ƙaryatawa.

Inda nake ganin mizanin ya karkata shi ne yawan abincin. A Wisconsin doka ta bar a fara zuba ƙoto tun 15 ga Afrilu, alhali sai Satumba ake buɗe farauta. Kusan wata biyar ke nan ana ciyarwa kafin a harba ko harsashi ɗaya. An ƙayyade galan 10 a kowane wuri, an ce a rufe shi cikin rami ko kututture don kada barewa ta samu, amma wuraren ba su ƙirguwa. Masu bincike na Jami'ar Wisconsin sun gwada gashi da ƙashi da jinin beyar da aka harbe a arewacin jihar, suka wallafa a 2017 cewa sama da kashi 40 cikin ɗari na abin da dabbobin suka ci ƙoto ne. Ba a makonnin ƙarshe kaɗai ba, a tsawon rayuwarsu. Wannan ya wuce tarko, ya zama kiwo. Macen da ta ƙoshi kuwa ta fi haihuwa, 'ya'yanta sun fi rayuwa. Sai hujjar nan ta cewa ƙoto na rage yawan dabba ta fara cin kanta, domin hannu ɗaya na ragewa ɗayan na ƙarawa. Babu adadin yadi da ya taɓa wannan.

Abin da ke cikin duron ma magana ce. A Satumban 2014 an tsinci beyar huɗu a mace a New Hampshire, manya biyu da 'ya'ya biyu, kusa da inda wani ya zuba kimanin kilo 40 na cakulan da donot. Cakulan na ɗauke da wani sinadari da ke zama guba ga beyar, kamar yadda yake ga kare. Jihar ta hana shi a 2015, Michigan ta biyo baya a 2017. Karen matar nan da ya saki turba, ko bai haɗu da beyar ba, yana iya haɗuwa da wannan.

A Idaho wata fuskar ce ta bayyana. Duro ba ya zaɓen baƙo: an ajiye shi don baƙar beyar, amma girizili, wadda doka ta kare kuma ta fi faɗa nesa ba kusa ba, ita ma tana da hanci. A Yunin 2024 wani maharbi a arewacin jihar ya ga wata dabba na zuwa ƙotonsa, ya yi shakka, ya tura wa ma'aikatan hukumar dabbobi bidiyonta. Suka ce masa baƙa ce. Ya harbe ta, sai ga shi matashin girizili ne, a yankin da ba a saba ganinsu ba. Hukumar ta amsa kuskurenta, kuma daga 2025 sai mutum ya ci jarrabawar bambance jinsunan biyu kafin ya fita farautar beyar a jihar. Ga mai tafiya a turba, ma'anar labarin ita ce yadi 200 da aka auna da baƙar beyar a zuciya, yanzu wata dabbar ce daban ke iya kwanciya a ƙarshensa.

Da ni za a tambaya, rubu'in mil na Alaska ya fi kusa da hankali, kuma ya kamata ya shafi duk turbar da mutane ke bi, ko hukuma na share ta ko ba ta yi. Amma da a ba ni ƙarin yadi ɗari, gara a rage watannin ciyarwa, a hana kayan zaƙi da na masana'anta, a sanya wuraren a taswirar da kowa zai duba a wayarsa kafin ya fita da yara. Maharba ba sa son wannan na ƙarshen, suna tsoron masu adawa su bi su lalata musu wuri ko wani ya zo ya harbe dabbar da suka sha wahalar tarawa, kuma tsoron ba na banza ba ne.

Saura kwashewa. Maine ta ce zuwa 10 ga Nuwamba a share wurin. Alaska ta ƙara da cewa ba duro da shara kaɗai ba, har ƙasar da maiƙo ya jiƙa sai an kwashe ta. Ka yi tunanin mutum shi kaɗai da shebur, a ƙarshen Yuni, sauro na cinsa, yana haƙe ƙasar da ta sha man suya na wata biyu, a dajin da jami'in tsaro ɗaya ke kula da faɗin da ya fi wata ƙaramar hukuma. Wasu na yi. Inda ba a yi ba, allon gargaɗin ya tafi tare da duron, wanda zai bi turbar baɗi ba shi da abin da zai gani, beyar kuwa da ta farka daga barci nan za ta fara zuwa ta tona.